Karan algaitar Ari a firigon Hajiya Falmata

Shekara tara ke nan da muka kai Ari makwancinsa a nan Gure. Ni falke ne, kanwa da dabino nake kaiwa kudu, ban san kiɗa ba sai abin da kunnena ya ji. Amma tare muka tashi da shi, kuma ni na raka shi Yamai a tafiyar da ta karya shi, don haka ina da abin faɗa.

Ari mai busa algaita ne, gadon gidansu. Wata shekara wasu makaɗan jaz daga Turai suka zo Damagaram, aka haɗa su da shi. Shugabansu wani mai busa ƙahon Turawa da ake kira sakso ne da Ari ya laƙa wa suna Dogo. Ba su da yare ɗaya. Dogo ya busa, Ari ya amsa masa, Dogo ya karkace, Ari ya bi shi ya wuce. Da ya dawo na tambaye shi mene ne jaz ɗin nan, ya ce mini ciniki ne irin nawa: ka taya, a ce albarka, ka ƙara, har a daidaita, kuma ba a san inda za a tsaya ba sai an tsaya.

Da suka gayyace shi zagayen wasa a ƙasashensu, abu ɗaya ya dame shi. An gaya masa sanyin can yana fasa ɗan karan da ake sawa a bakin algaita. Sai ya fere kara da yawa, ya zuba a gwangwanin madara, ya kai wa Hajiya Falmata mai sayar da ƙanƙara ta sa masa a firigo. Kullum da hantsi ya je ya ciro ɗaya ya busa. Wanda ya fashe ya jefar, wanda ya jure ya mayar. Hajiya tana yi masa tsiya wai kara zai riga mai shi zama Bature.

A ofishin jakadanci ba a tambaye shi algaita ba. An ce ya nuna shaidar cewa zai dawo: albashi, ajiyar banki, takardar fili. Ari yana da dabinon kakansa a kwari, da mata da ƴaƴa, da kabarin uwarsa, amma babu ɗayansu mai hatimi. Aka hana shi biza. Dogo ya sake nema, aka sake hanawa. A motar dawowa, da muka wuce Gidigir, ya ce: “Alhaji, buhun kanwarka ya fi ni gata. Shi ba a tambayarsa ko zai dawo.”

Su Dogo ba su yi mugunta ba, wannan zan faɗa. Sun turo aka ɗauki busarsa a na'ura, suka riƙa sakinta a kan dandamali suna kiɗa a kai. Na ɗauka zai ji daɗi. Da aka nuna masa a waya, ya kalla har ƙarshe, ya ce wannan kurma ne aka sa a cikin hira, yana magana ba ya jin amsa. Dogo yana taya masa sabon abu kowane wasa, shi kuma yana maimaita na jiya. Bai ƙara kallo ba. Bai kuma karɓo gwangwaninsa ba. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi bayan damina biyu.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da yau. Yanzu yaran garin nan suna aika sauti ta waya ga makaɗan da ba su taɓa gani ba, a haɗa a can, a kira shi aikin tare. Hanya kuwa ta ƙara tsukewa. Wani mai neman biza sai ya fara ƙetara wata ƙasa kafin ya sami tagar da za a ce masa a'a. Ina jin Ari zai ce kurame sun yi yawa. A sana'ata na san cinikin da aka yi ido da ido, na san wanda aka yi ta hannun ɗan aike, kuma ba su taɓa zama ɗaya ba.

Me ya rage? Sautinsa yana yawo a garuruwan da aka hana shi takawa. Ƴaƴansa babu wanda ya ɗauki algaita, kuma ban ga laifinsu ba.

Bara Hajiya Falmata ta canza firigo, ta aiko a kira ni. Ta tarar da gwangwanin a can ƙasa, ƙanƙara ta rufe shi. Na buɗe, na duba karan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda nake duba kaya. Babu wanda ya fashe. Ta tambaye ni ko ta zubar.

Na ce mata ta mayar da su cikin sabon. Su dai sun cika sharaɗinsu.

Allah ya jiƙan Ari, ya sa inda ya je ba a tambaye shi takarda ba.