Ɗan Japan ɗin da Aka Musuluntar a Warsharmu

Shekaru sun tura, amma muddin ina numfashi ba zan manta da yammacin da maigidana ya ƙirƙiri wani ɗan Japan, ya kuma musuluntar da shi a gaban idona ba. Duk wanda na ba labarin da dariya yake farawa. Ni kuwa in na tuna sai in ji raina ya ɓaci, don wannan abin dariyar shi ya raba wani dattijo da Makka.

A unguwar Rusaifa ta Makka aka haife ni, kuma sana'ata wayarin ɗin mota. Lokacin ina aiki a wata warsha, wato garejin gyaran mota, da ba ta taɓa komai sai tsofaffin motocin tsere na Japan, masu ƙofa biyu da dogon hanci, waɗanda suka girme ni. Mukan tuɓe mota har sai ta koma tsurar ƙarfe, a kankare tsatsa, a sa mata sabon inji da birki na zamani, ni kuma in ja waya in haɗa na'urar sanyi, don babu mai kuɗin da zai yarda zafin Makka ya dafa shi saboda son tsohon yayi. Daga waje ka ga motar kakanni, ka murza makulli ka ji ta yau. Mai warshar Bahaushe ne kamata, kakansa da ƙafa ya tako daga ƙasar Katsina. Amma in akwai baƙo a wurin ka yi masa Hausa, sai ya dube ka kamar ka taka masa sawu.

Motar da ta jawo abin a wani lungu na unguwar Utaibiyya aka samo ta, kyanwoyi sun haihu a cikinta ya fi a ƙirga. Wani attajiri na Jidda ya saye ta ya kawo mana. Muka fi shekara a kanta, komai ya kammala sai kujeru. Sau biyu ana ɗinka su da keke attajirin yana cewa a farke, shi ɗinkin hannu yake so. Maigida ya rasa inda zai sa kansa, sai na tuna da Baba.

Baba, kamar yadda kowa ke kiransa, baduku ne Basakkwace. Hajji ya zo bai koma ba, ya fi shekara talatin a Utaibiyya ba shi da iƙama, wato takardar zama. Takalma da jakunkunan alhazai yake gyarawa, in lokacin Arfa ya zo ya je ya yi shara. Buri ɗaya gare shi a duniya, kuma duk wanda ya zauna da shi ya sani: ya mutu a Makka, a sallace shi a Harami. Likkafaninsa ma ya wanke da zamzam ya naɗe a ƙarƙashin matashi.

"Ɗana," in ji shi ranar da na kai masa maganar, "aiki ba ya ba ni tsoro. Amma ka san ni ba ni son inda ido ya yi yawa. Nan nika son a bizne ni."

Na ce, "Baba, ta ƙofar baya za ka shiga, ta nan za ka fita. Babu mai ganinka."

Wata biyu ya yi a ɗan ɗakin bayan warsha, tsakanin tsofaffin tayu. Daga basilla sai zare sai ɗan kakin zuma da yake goga wa zaren. Ba ya awo da komai sai farcen babban yatsansa, amma ka sa ma'auni a ɗinkin ba za ka sami ɗaya da ya fi ɗan'uwansa tsawo ba. Mu da muke taƙama da kwamfutar gwada inji mukan bar aikinmu mu tsaya kallo. Ranar da ya gama na gan shi ya kifa kujerar direba yana ɗinka wani ɗan dagi a ƙarƙashi, inda ido ba ya kaiwa. Na tambaye shi dalili.

"Haka ubana ka yi," ya ce. "In aiki ya yi kyau a sa mai dagi, in bai yi ba a bar shi hakanan. Ba don kowa ba ne."

Ranar miƙa mota, bayan la'asar, attajirin ya iso da wani abokinsa mai ɗaukar bidiyon motoci yana sawa a intanet. Baba ya zo kwashe kayan aikinsa, sai maigida ya ce ya zauna a ɗakin baya kada ya leƙo. Wannan ban ga laifinsa ba, kariya ce. Aka yaye mayafi, motar ta fito ja wur, aka tayar da inji ƙarfen rufin warsha ya amsa. Attajirin ya zauna, ya shafa kujera, ya bi ɗinkin da yatsa. Can ya ce, "Masha Allah. Wa ya yi wannan?"

Da maigida ya ce wani ma'aikacinmu ne, da magana ta ƙare. Ina! Sai ya gyara zaman gutararsa, ƙyallen nan da Larabawa ke yafawa a ka, ya fuskanci kyamara, ya ce wani tsohon gwani ya ɗauko takanas daga Japan, wanda gidansu sun gaji ɗinkin kujera, kuma a nan cikin warshar ya zauna wata biyu.

Mai bidiyon ya sauke kyamara kaɗan. "A nan Makka? To Musulmi ne? Ta ina ya wuce shingen hanya?"

Kowa ya san wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, har allo aka kafa a hanya. Na zaci kunya za ta kama maigida. Ko gezau. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ya musulunta, alhamdu lillahi! A hannuna."

Suka hau kabbara, attajirin har da rungumarsa. Ni kuwa na tsaya gefe ina kallonsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, wannan mun saba. Amma a ce mutumin da babu shi a duniya ya sami suna, ya sami Musulunci, har wani ya ci ladan musuluntar da shi, alhali wanda ya huda yatsunsa wata biyu, mai salla biyar a Harami, yana tsugune bayan tayu kamar ɓarawo? Kuma jikan mai tafiyar ƙafa ne ya ga ɗan Japan na ƙarya ya fi Bahaushen gaskiya kyan faɗa!

Ban san sanda na tura kujerar direba baya ba. Na haska fitilar wayata a ƙarƙashi na ce wa mai bidiyon, "Zo ka ɗauka. Ka taɓa ganin ɗan Japan da ke ɗinka wannan? Dagi ne, na ƙasar Hausa. Wanda ya yi shi dattijo ne baduku, a Utaibiyya yake, yanzu haka yana ɗakin can."

Maigida ya yi mini Hausa a gaban baƙi karo na farko tun da na san shi. "Kai, rufe bakinka!"

Attajirin ya ce lallai sai ya gaisa da mai wannan hannu. Na ruga ɗakin baya ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Ƙofar baya a buɗe, babu Baba, sai kakin zumarsa a kan taya.

Washegari na same shi a ɗakinsa, na kai masa kakin. Ban ƙarasa zama ba na fara ba shi labarin yadda na ƙwato masa haƙƙinsa. Ya bar ni na gama tsaf.

"Ni na aike ka?" ya ce.

Bai jira amsata ba ya ci gaba.

"Ɗana, suna na mai takarda ne. Ɗan Japan ɗin nan da kake jin haushi, shi ne bargona. Ka yaye."

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo bidiyon ya gama wayoyin mutane, ana ta dariyar maigida. Na roƙi mai bidiyon ya sauke, ya sauke, amma wasu sun riga sun kwafa. Masu binciken takardun ma'aikata suka zo warsha, aikinsu suke yi, ban zarge su ba. Wanda ban yafe wa ba maigida ne. Ni unguwa kawai na ambata, kuma Utaibiyya gari guda ce, mutum zai shekara yana neman ɗaki ɗaya bai samu ba. Shi maigida ya ce musu bai taɓa ɗaukar mai ɗinkin aiki ba, wani tsoho ne ya kawo ɗinki daga waje, ya kuma kwatanta musu lungun da ƙofar. Ya sallame ni a ranar, abin da ko a jikina.

Aka kama Baba aka mayar da shi gida ƙasar Hausa. Wani maƙwabcinsa ya ce da aka zo tafiya da shi bai roƙi komai ba sai a bar shi ya ɗauki ƙunshin da ke ƙarƙashin matashinsa. Bai cika shekara biyu a can ba aka aiko mana ya rasu. A cikin likkafanin nan aka sa shi, amma ba a ƙasar da ya yi shekara talatin yana ɓuya dominta ba.

Motar tana nan, na gan ta bara a wajen baje kolin tsofaffin motoci a Jidda, mutane sun kewaye ta suna shafa kujerun. Na san dagin yana ƙarƙashi, ban duƙa ba, ban kuma ce wa kowa komai ba. Har gobe ina cewa maigidana maƙaryaci ne kuma maci amana, ba zan janye ba. Sai dai ƙaryarsa ba ta kori Baba ba sai da gaskiyata ta nuna hanya. Tun daga ranar, in na ga an danne wani zuciyata ta taso, nakan fara zuwa wurinsa in tambaye shi ko yana so a yi magana, domin shi ya san abin da zai rasa. Da ma na yi wa Baba wannan tambaya guda, taku goma ne tsakanina da ɗakin baya.