Sarar Wunti da Maganin da Ya Fara da Sef

Ina karatun harhaɗa magunguna shekarar da aka sare yayana. Tela ne a unguwar Wunti. Bayan la'asar ya fito ƙofar shago yana amsa waya, sai 'yan sara-suka biyu suka tsaya a kan babur. Suka kai hannu za su ƙwace, ya ƙi sakin wayar. Na bayan ya zaro adda ya sauke masa a ka, ya ƙara masa a hannun da ya kare da shi. Telolin layin suka naɗe kan da shaddar da ke kan keken ɗinkinsa, suka kai shi asibiti. Da na iso, shaddar ta rine, har takalminsa jini ne.

An ɗinke shi, amma ciwon ya yi ruwa, fuskar ta kumbura. Likita ya rubuta allurar seftiriyazon, daga baya aka mayar da shi kan ƙwayar sefuroksim. Ya jujjuya kwalin, ya tambaye ni dalilin da duk maganinsa da "sef" yake farawa. Na gaya masa abin da malamarmu ta koya mana: asalinsa kalmar Girkanci ce mai nufin kai. An fara samo maganin daga wata fumfuna da aka tsinta a ruwan kwata a Italiya, wadda ƙwayoyinta ke dunƙulewa kamar kawuna. Ya ce shi ya ɗauka don masu fasasshen kai aka yi shi. Ya so ya yi dariya, ɗinkin ya hana shi.

Muna nan asibitin aka shigo da saurayin da ya sare shi. Ya sake yin ƙwace a unguwar Gwallaga, jama'a suka kama shi suka rufe shi da katako da bulo. Ido ɗaya ya fashe, an ɗaure ƙafarsa da ankwa a jikin gado. Duk da haka yayana ya gane shi. Ya sauko daga gadonsa, ya fizgi ƙarfen da ake rataya ƙarin ruwa. Na sha gabansa.

"Matsa, Auta."

"Yaya, don Allah ka dube shi. Me ya rage?"

Ya riga ya ɗaga. Ƙarfen a bakina ya sauka, haƙorina na gaba ya gutsure. Ya ga jini a hijabina, ya saki ƙarfen ya zauna a ƙasa yana haki.

Washegari saurayin ya rasu, ba wanda ya zo neman gawarsa. Yayana ya koma shago, sai dai yatsunsa ba sa riƙe almakashi. Abokinsa ke yanka masa yadi, shi ya ɗinka.