Sabon famfo, babu ruwan gwaji

Tsohon bakin famfon banɗakinmu ya fita yau da hantsi, bayan Malam Ilu mai gyara ya kwana biyu yana jiƙa tsatsar da kananzir. A murɗawar ƙarshe muka ji ƙas cikin bango. Bangon na laka ne, kuma ɗakin Hajiyarmu na bayansa.

Na ce, “Malam Ilu, bututun ne ya tsage?”

Ya ɗaura sabon, ya goge hannu. “Maigida, ruwa kaɗai zai faɗa. In ya zo ina raye, ka aiko.”

A farin nan, mako uku ke nan famfon unguwarmu bai ɗiga ba. Wa ya san yadda ake gwada bututu babu ruwa?

An ce za a saki ruwa Juma'a. Ba a tabbatar ba.