Ƙarshen da Na Ƙara wa Gatanar Kaka

Kakata Dije ba ta iya zama hannu sake ba. Ko gatana za ta yi mana, wato tatsuniya a bakinmu na Arewa, sai da mazari a hannunta, tana kaɗi tana magana. In zare ya tsinke, labari ma ya dakata sai ta ƙulla. Lokacin ɗari, da an ci tuwo, mukan taru a ɗakinta mu shida ko bakwai, kowa da karan hatsin da ya ɗebo, don dokarta ce wanda bai kawo kara ba ba ya jin ɗumin wutarta. Ni take kira Maigida, irin wasan kaka da jika, kuma kullum sai ta yi mini gorin ban taɓa saya mata ko ɗankwali ba.

Tatsuniyoyinta na dariya ne, na Gizo da kura da sauran marasa kunya, kuma kowace takan rufe ta da kan kusu, ta ce ƙarya ce ta shirga mana. Guda ɗaya ce ba ta rufewa. Ita ma ba kullum take yin ta ba, sai ranar da muka ga ta ajiye mazari.

Wata mace ce, in ji Kaka, a shekarar da fara ta cinye hatsi, ta kama hanyar kudu da 'ya'yanta biyu, jinjiri a baya, yarinya mai suna Hantsi a ƙasa. Suka yi ta tafiya har ƙafar Hantsi ta ƙi ɗauka. Uwar ta zaunar da ita a gindin gawo, ta ba ta ƙoƙo ta riƙe, ta ce kada ta motsa, za ta je rijiya ta komo. Rijiyar farko ta kafe, sai ta wuce ta gaba. Ita kuwa yarinya tana zaune tana waƙa:

"Inna, tahi ki komo,
inuwa ta tashi,
ni ban tashi ba."

Sau uku Kaka ke rera ta, mu muna amsawa. Daga nan sai ta ce uwar ta komo da ruwa, ta tarar da ƙoƙo kaɗai a gindin gawo. Iyakar inda take kaiwa ke nan.

"Kaka, sauran fa?"

"Wuta ta mutu. Ku tahi ku kwanta."

Ƙauyenmu yana arewa da Matankari kaɗan, kuma lakwal, wato makarantar boko, ba ta daɗe da zuwa mana ba, aji biyu ne na zana, 'yan shekaru bayan ƙasa ta samu 'yancin kanta. Malaminmu, wanda muke kira Mushe kawai, saurayi ne baƙo daga yamma, Hausarsa ba ta wuce ta sayen goro ba. Mutumin kirki ne mai ɗoki. Wata rana ya ce mana ƙasa ta zama tamu, bai kamata mu yi ta karanta labarin tuffa da dusar ƙanƙara ba. Ya ba mu aikin gida: kowa ya rubuto tatsuniyar kakarsa da Faransanci a cikin kaye, wato littafin rubutunmu, ranar Asabar a karanta gaban aji.

'Yan ajinmu duk Gizo suka nufa. Ni da son a ce na fi kowa, na ɗauki ta Hantsi. Mushe ya duba, ya ja layi a ƙasa, ya ce aikin bai cika ba. Labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, nawa ba shi da ƙarshe. Ya ba ni kwana biyu.

Na sami Kaka da rana tana ɓarar gujjiya, na ce ta ba ni ƙarshen.

"Ba ta da shi, Maigida."

"Mushe ya ce kowace gatana tana da shi."

"To ka tambayo shi, tunda shi ya sani."

Na yi fushi, na zauna bayan rumbu na ƙago nawa. Na ce wata Bafillatana ta tsinci yarinyar ta rene ta. Bayan shekaru masu yawa uwar ta je wata rijiya, ta ji wata mace tana jan guga tana rera waƙar nan, suka rungume juna. Da na zo sa sunan gari, na sa Sukukutane, ba don komai ba sai don Mushe ya koya mana rubuta shi a kan taswira, kuma yana da tsawo, yana cika layi. Ranar Asabar na karanta, aji ya tafa, Mushe ya ba ni tara bisa goma da jan alƙalami.

Da maraice na shiga ɗakin Kaka ina ta ƙafafa, na ce yau ni zan yi gatana. Ina karantawa ina juya musu da Hausa. Yara suka amsa waƙar yadda suka saba. Da na kai wurin rijiya sai na ji mazari ya faɗi.

"Wane gari kac ce?"

"Sukukutane."

"Cikin takarda yake?"

"Ga shi nan, Kaka."

Ta karɓi kayen ta kai kusa da wuta, a juye ma ta riƙe shi. Ta ɗora yatsa a kan jan rubutun.

"Wanga fa?"

"Mushe ne ya duba. Ya ce daidai ne."

"Shi da bakinshi yac ce daidai na?"

Na ce ƙwarai kuwa. Ni nahawu nake nufi. Ban san cewa takardar da Kaka ta sani a duniya ita ce ta masu ƙidaya ba, waɗanda ke zuwa tun zamanin Nasara su rubuta sunan kowa da garin da yake. A ganinta abin da ya shiga takarda an bincika ne, kuma mutumin gwamnati ba ya sa jan alƙalami a kan wasa.

Da gari ya waye ɗakinta a rufe. Wata maƙwabciya ta ce ta gan ta da sanda da ƙunshi, ta bi masu jakuna hanyar arewa. Babana ya tambayi yaran gida abin da aka yi jiya, suka nuna ni. Na kawo kayen na juya masa. Na yi zaton duka zan sha. Bai taɓa ni ba, ya zauna a kan turmi.

"Jinjirin nan na baya," ya ce, "ni ne."

A nan na gane dalilin da ya sa ba ta rufe wannan da kan kusu. Daga baya kuma na gane wani abin da ya fi ci mini rai: babu wanda ya ji waƙar da Hantsi ta yi a gindin gawo. Kaka ce ta yi mata ita.

Kwana biyar kafin Baba ya komo da ita a kan jakin aro. Ya same ta a Sukukutane, a bakin wata rijiya, tana duban fuskar duk macen da ta zo ɗiban ruwa, tana rera waƙar ƙasa-ƙasa ko wata za ta waiwayo. Mutanen garin sun ɗauka iska ce ta taɓa ta, suna ba ta fura. Ƙafafunta sun kumbura, ba su ƙara komawa daidai ba. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta ina kuka, na ce ni na ƙaga, Mushe bai san kome ba. Ta ce ta ji. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma kira ni Maigida ba, kuma har ɗarin nan ya fita ba a sake hura wutar gatana ba. Ƙannena suka daina yi mini magana. Mushe da ya ji labari ya zo gaishe ta da goro, ya rasa Hausar da zai faɗa, ya tsaya riƙe da hularsa.

Sai da damina ta faɗi, ciwo ya kwantar da ita, ta aika a kira ni da kayena.

"Karanta min wurin rijiyar."

"Kaka, ai na hwaɗa miki..."

"Na sani ƙarya ta. Karanta dai."

Na karanta. Ta ce ban iya ba, Hantsi ba doguwa ba ce, gajera ce kamar Baba, kuma tana da wushirya. Na gyara. Kashegari ta ce in sa mata ɗiya uku, in sa mijinta ba ya duka. Haka muka yi ta yi har ƙarshen damina, gefen takarda ya cika da gyara, tana ba 'yarta shanu da rumbu da maƙwabta na kirki, ni ina rubutawa da Faransancin da ba ta ji.

Na yi shekara talatin ina koyarwa, ni ma an kira ni Mushe, kuma ni ma nakan ba da wannan aikin gida. Abin da na ƙara shi ne ina gaya wa yara in tsohuwa ta tsaya su tsaya, ba zan rage wa kowa maki ba. Amma har yau ban yanke wa kaina hukunci ba. Wata rana in ga cutarta na yi, wata rana in ga da ban yi wautar nan ba da ta tafi ba ta sami inda za ta faɗi abin da ta faɗa a gyaran ƙarshe ba.

Kwana uku ne kafin ta rasu. Muryarta ta yi ƙasa, sai da na kai kunne.

"Maigida, da sunka gamu, mi ɗiyar tac ce ma uwar?"

"Ban sa ta ce kome ba, Kaka."

"To sa. Ka sa ta ce ta san ruwa na tahi nema."

Na rubuta, na karanta mata. Ta ce in ƙara karantawa.