Amaryar da Na Bi a Indiya

Saura kwana uku mu bar Indiya muka saɓa da Baba. An yi masa aikin zuciya, ya tashi, har yana takawa zuwa bakin taga, amma likita ya ce zai fi son mu ƙara wata guda ya sa masa ido. Baba ya ce ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba. Yayana ya kira daga Gwarzo ya ce, "Ke kike ganinsa, fasfo ma a jakarki yake. Abin da kika yanke shi ke nan."

Na yanke mu zauna. Na gaya wa kaina don lafiyar Baba ne, kuma da gaskiya a ciki. Sai dai akwai abin da ban faɗa ba. A Kabo na tashi ina ɓoye littattafan soyayya ƙarƙashin katifa, irin waɗanda ango ke kai amarya Indiya ta tsaya cikin furanni iska na kaɗa mayafinta. Mako biyar na yi a ƙasar, ban ga komai ba sai farin bango da ledar ƙarin ruwa.

Saboda haka da Baba ya yi barcin hantsi sai in bar shi da ma'aikaciyar jinya in fita. Ranar farko na kai bakin teku, na jiƙa ƙafata, na sha ruwan kwakwa. Rana ta biyu ina wani lungu na masu sayar da yadi sai na ji ganguna. Maza ne suna rawa a tsakiyar titi, wasu na watsa furanni a ƙasa, a bayansu ana tura wani amalanke da aka lulluɓe da fure kamar ƙaramin ɗaki. Na ce a raina yau Allah ya nuna mini kai amarya. Na bi su ina ɗauka a waya. Har guɗa na yi a hankali. Na tsinci fure ɗaya ruwan ɗorawa na ɗaure a bakin mayafina. Na lura babu mace ko ɗaya, sai na ce sun riga sun yi gaba gidan ango.

Suka shiga wani fili mai katanga, na tsaya a bakin ƙofa. Itace na fara gani, an jera shi kamar na mai sayarwa a kasuwar Kabo. Aka ɗaga furannin. Tsoho ne kwance, fuskarsa a buɗe, an ɗaure manyan yatsun ƙafarsa da ƙyalle. Aka ɗora shi a kan itacen. Wani mutum ya zagaya shi da tulu a kafaɗa ruwa na zuba, sannan aka miƙa masa wuta.

Na ja da baya zuwa bakin titi. Salati nake so in yi, bakina ya ƙi. Wani direban keke mai furfura da hula ne ya yi mini sallama ya ce in shiga. A hanya, da guntun Turancinsa da nawa, ya ce al'adar mutanen nan ce, tsohon ya daɗe a duniya shi ya sa ake kiɗa. Ya ce su Musulmi suna da maƙabartarsu.

Na tarar da Baba a kujera da carbi.

"Sannu 'yar Indiya. An gano miji?" Sai ya dube ni sosai. "Ke, lafiya?"

Na ba shi labari. Ko gezau bai yi ba. Ya nuna taga da carbin.

"Gawa uku suka wuce ta nan tun zuwanmu. Ke furen kike kallo, ni ƙafafun nake gani."

"Baba, ai akwai maƙabartar Musulmi. Ba wanda zai..."

"Na sani, ba wutarsu nake tsoro ba. Wa zai tsaya a kaina a nan wanda ya san sunan ubana? So nake mutanen garinmu Garo su taho a ƙafa, a yi sahu har bakin rijiya."

Mako biyar ina kwana a gefen gadonsa ban taɓa tambayar abin da yake kallo ta tagar nan ba. Wannan ya fi wutar girgiza ni.

Washegari na sami likita na ce tafiya za mu yi. Bai ji daɗi ba. Ya rubuta takarda zuwa ga likitocin Kano, ya haɗa mu da magani jaka guda. Ban sake fita gari ba.

Damina biyu Baba ya ƙara gani. Ya rasu ana girbin gero, kuma sahu ya wuce rijiyar. Ko watan nan da na hana likita zai ƙara masa wani abu, ban sani ba, Yaya ma bai taɓa tambayata ba. Abin da na ɗauka a waya tun a jirgi na goge shi. Furen kuwa sai bayan sadakar bakwai na gan shi a bakin mayafin, ya bushe, ƙullin ya ƙi kwancewa sai da na sa haƙori.