Awa Huɗu a Cikin Kwamfuta Mai Araha

Ni ɗan fari ne, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, ba sassauci. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ga goggona, ita ta raine ni. In na je gida na durƙusa gaisuwa, bango Inna take kallo ta amsa a taƙaice, in kuma tana da saƙo sai ta ba ƙanwata ta faɗa min alhali ina zaune a wurin. Na girma ina gaya wa mutane ai al'ada ce, ba komai. Ƙarya nake yi. Abin yana ci na, har na yi furfura yana ci na.

Kwamfutar kuwa wani abokin aikina ne a ma'aikatarmu ya ja ni na saya. Shi ke kula da na'urorin ofis, kuma mutum ne da in ya fara zancen buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda ba ta da mai ita, kowa na iya ɗauka kyauta ya gyara, sai ka rantse wa'azi yake. Ya ce akwai wata 'yar laftof da ke zuwa da irin wannan manhaja, ba lasisi, ba kamfanin da zai riƙa leƙen abin da kake yi, kuma araha kamar a bakin ƙasa. Tsakani da Allah bai ɓoye min komai ba. Ya ce jikinta roba ce, allonta dishi-dishi, lasifikarta kamar kukan sauro, makirfo ɗinta kuwa ba a magana. Na ce masa ni rubutu zan yi, ba waƙa zan rera ba.

Kuma ta yi min aiki, ba zan ci haƙƙinta ba. Shekara biyu ina rungume da ita a go-slow, wato cunkoson motocin Mararaba, safe da yamma, ba ta taɓa kama cuta ba, ba ta taɓa tsayawa ta ce sai na jira ta sabunta kanta ba. Har alfahari nake da ita a ofis, ina tsokanar masu tsadaddu.

Sai ciwon ƙoda ya kwantar da Inna. Ƙanwata ta rako ta a jirgin ƙasa, na tare su a tashar Idu ta Abuja, ita ta juya washegari saboda yaranta. Karon farko ke nan da ni da Inna muka kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Sau biyu a mako ina kai ta wankin ƙoda, tana kujerar baya, fuska a taga, daga Mararaba har asibiti ba mai cewa uffan. In tana son ruwa sai ta ce wa matata, a gaya wa mai gidan nan ya tsaya.

Da likita ya ja ni gefe ya ce mu ci gaba da addu'a, na gane karatun. Na ce wa matata ba zan iya barin matar nan ta tafi ba mu taɓa yin zance ba. Ita ce ta kawo dabarar. Ta ce Inna ba za ta yi magana da ni ba ko sama da ƙasa za su haɗu, amma wataƙila ta yi da na'ura a naɗi muryarta, in ba na gidan. Ta je ta lallashe ta, kwana biyu tana fama. Daga baya ta fito tana murmushi ta ce Inna ta yarda, amma da sharaɗi biyu. Kowa zai fita daga ɗakin, kuma ba zan saurara ba sai bayan ranta.

Wayata ba ta rabuwa da ni saboda kiran oga, ta matata kuma kullum kukan cika take, don haka laftof ɗin na ajiye. Na gwada ta, na sa bakina dab da ita na yi sallama da muryar nan tawa ta mai kiran taro, na ji ta fito. Na ce shi ke nan. Na nuna wa matata inda za ta danna, na tafi aiki. Kwana biyar ana haka. Kullum na dawo sai na duba na ga sabon fayil, na ga tsawonsa, na rufe. Raina na so na danna, amma alkawari alkawari ne, kuma wallahi ni ma kunyar ta kama ni. Da na danna ko na daƙiƙa goma ne, da ba na wannan rubutun.

Ta rasu ranar wata Talata da hantsi. Muka kai ta gida, aka yi sadakar uku da ta bakwai, na dawo Abuja. Sai da aka yi arba'in na iya buɗe kwamfutar, wata Asabar bayan la'asar, na kulle ƙofa.

Na danna fayil na farko. Huuu, kamar injin niƙa daga nesa. Na ƙure ƙara. Can ƙarƙashin hugin akwai murya, na san tata ce, tana hawa tana sauka, amma ko kalma ɗaya ba ta fita. Na buɗe na biyu, haka. Na biyar, haka.

Na kira matata, na yi mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Tana kuka ta ba ni labari. Ranar farko Inna ta nuna ɗan ɗigon da ke saman allon ta tambaya ko ido ne. Da aka ce mata kyamara ce amma a kashe take, ta ce ita ba ta yarda ba, ba za ta zauna ɗanta yana kallon ta ba. Ta sa aka ɗora kwamfutar a kan katifa, ta ninka zanenta ta lulluɓe ta, ta koma can ƙarshen gado ta juya mata baya. Makirfo ɗin yana nan gefen idon. Katifa ta toshe wa kwamfutar iska, fankar ciki ta yi ta ihu. Matata ta ce ta ɗauka tunda na'ura ce za ta ji.

Na kai wa abokin aikina. Mako uku yana tacewa da duk manhajar da ya sani, har ya tura wa wasu 'yan ƙungiyarsu ta masu buɗaɗɗiyar manhaja guntu su gwada. Ranar da ya dawo min da ita bai iya kallon idona ba.

"Malam, manhaja ba ta ƙirƙiro abin da bai shiga ba," ya ce. "Da makirfo ɗin kirki ne, ko ta cikin zanen da ya kama wani abu."

Na so in zage shi, na rasa ta inda zan fara, tunda ya gaya min tun farko. Araha ba ta ado, kowa ya sani. Har yau in ƙananan ma'aikata suka tambaye ni ko su sayi irinta, sai na ce in takarda za su buga su saya, ba laifi. Daga nan ba na ƙarawa, in suka matsa sai na tashi na bar musu ofishin.

Awa huɗu da 'yan mintuna ta yi tana min magana. Na saurare su duka, ban san sau nawa ba. Ina gane inda ta yi tari, ina gane inda ta ja carbi, akwai wuri biyu da na tabbata dariya ta yi. A fayil na ƙarshe, saura kaɗan ya ƙare, muryar ta ɗaga kamar yadda ake ɗaga ta in ana tambaya. Sai ta yi shiru, shiru mai tsawo, tana jira. Ta sake maimaitawa a hankali, ta sake jira. Ban san me ta tambaye ni ba. Duk sanda na zo wurin nakan ce na'am, Inna, na yafe, ko kuma na ce ni ma haka, don ban san wanne take jira ba.