Allin da Ya Buɗe Akwatin Jarabawa

Ku daina cewa in an raba sirri gida uku shi ke nan an huta. Wa ya gaya muku? Kowa ya zuba ido a bakin mutane, wai wane ne ya faɗa, alhali sau da yawa babu wanda ya faɗa.

Ku tambayi Baba Tsinke, mai gyaran makulli. Shekara talatin yana ƙarƙashin matakalar wani bene, shi da tulin kwaɗon da masu su suka manta. Bai iya zama ba, ko abinci a tsaye yake ci. Autarsa ce kaɗai ta yi karatu a gidan, tana koyar da ilimin halittu.

Makarantarsu na da akwatin ƙarfe na takardun jarabawa, mai lamba shida. Shugaba ke danna biyun farko, malamin lissafi biyun tsakiya, ita biyun ƙarshe, kuma babu wanda ya san na wani. Sai ga tambayoyi a wayoyin ɗalibai saura kwana biyu. Kwamiti ya ce ai ita ke tsaye a baya in ana dannawa, kuma ta cika wasa da ɗalibai. Aka miƙa mata takardar dakatarwa.

Ranar ko rumfa Baba bai rufe ba. Ya yi ta safa da marwa a bakin ƙofar makarantar har maigadi ya gaji ya bar shi ya shiga. A ofis ya roƙi a nuna masa akwatin kawai.

Shugaba ya ce, "Baba, wannan fa ba kwaɗon banɗaki ba ne."

Baba ya matsa kusa da akwatin. Ya durƙusa, ya haska tocila a karkace kan maɓallan. Biyu da shuɗin tawadar hatimi, ta babban yatsan shugaba. Biyu da farin alli, na malamin lissafi. Biyu da koren alli, irin wanda autarsa ke zana ganye da shi. Wanda zai fara da wanda zai bi kuwa, duk makarantar an sani. Abin da ya rage gwaji takwas ne kacal. A na biyar akwatin ya buɗe.

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya ce, "Malam, kun iya riƙe baki. Wanke hannu ne ba ku iya ba."

Ya bayyana musu cewa duk ɗalibin da aka aiko ɗaukar rajista zai iya hakan. Suka gode masa, suka sayi tsumman gogewa, suka ce kwamiti zai zauna.

Sati uku ke nan bai zauna ba. Auta na gida, Baba na zuwa bakin ƙofar kowace safiya. Ku da kuka ga tambayoyin nan a wayarku, kun san ba daga hannunta suka fito ba. Iyaye, ku ma kun ji. To ku je makarantar ku buɗe baki ku faɗa, yau.